Wa Ya Shuka Gicciye a Hamadar Arizona?

Kacici-kacici. Wani abu ne na kankare, yana kwance a ƙasa, ba bango, ba rufi, ba ƙofa. Hannuwansa huɗu, kowanne mai faɗi daga waje, yana tsukewa in ya nufi tsakiya. Daga ƙarshen wannan hannu zuwa ƙarshen wancan ƙafa 60 ne, wato mita 18 da 'yan kai. In ka tsaya a kansa, abin da za ka gani bai wuce dakali huɗu da rana ta gasa har suka tsattsage ba. Sai ka hau sama ka leƙo sannan siffarsa za ta fito: gicciye ne, tsaf da shi. Mene ne?

Kada ka yi saurin ba ni gari, mai karatu, ban gama ba. Yi tafiyar mil ɗaya gabas, za ka tarar da wani irinsa. Ƙara mil ɗaya, ga wani. Juya kudu, haka. Juya arewa, haka. An jera su sahu-sahu a fili mai tsawon mil 16 da faɗin mil 16, a kewayen garin Casa Grande na jihar Arizona a Amurka, tsakanin biranen Phoenix da Tucson. Jimillarsu 272. Wasu suna can cikin daji, wasu a gefen gonakin auduga, wasu kuwa gari ya girma ya cim musu har suka koma bayan katangar mutane. Fiye da 100 suna nan har yau. Ba allon bayani a gefensu, ba mai gadi. Wani ya kashe kuɗi, ya kwaso siminti mota-mota, ya zuba a hamada, ya kaɗe rigarsa ya yi tafiyarsa.

Ruwa ba ya tsami banza. Mu tara waɗanda ake zargi.

Wanda ake fara kamawa a irin wannan shari'a, kullum, mutanen da ne. Kuma a nan akwai dalili. Ba nisa daga wurin, kusa da garin Coolidge, akwai kangon wani ginin ƙasa mai hawa huɗu da mutanen Hohokam suka yi wajen shekara 700 da suka wuce, mutanen da suka haƙa hanyoyin ban-ruwa a wannan hamada tun Bature bai san da nahiyar ba. Duniya kuma ta san zanen Nazca na ƙasar Peru, wanda shi ma daga sama ya fi fitowa. To ko su ne? Ƙwanƙwasa dakalin ka ji. Kankare ne na zamani, irin wanda ake zuba wa gada. Mil kuwa awon Bature ne, Hohokam ba su taɓa auna gona da shi ba. A sallame su. Masu cewa baƙi ne daga wata duniya, nasu mutanen ma su bi sahu: wanda ya ƙetaro taurari ba zai tsaya kwaɓa siminti a rana ba.

Na biyu ya fi kama da mai laifi. A shekarun 1920, da jiragen sama suka fara ɗaukar wasiƙu a Amurka, matuƙi da idonsa yake neman hanya. Sai gwamnati ta zuba manyan kibiyoyi na kankare a ƙasa, da fitila a kan hasumiya kusa da su, tun daga gabar tekun gabas har ta yamma, matuƙi ya riƙa bi daga wannan zuwa waccan. Kankare ne. Daga sama ake kallo. Biri ya yi kama da mutum. Sai dai kibiya magana ɗaya take yi: bi nan. Namu kuwa hannu huɗu ne, kuma kowanne tsakiyar gicciyen yake nunawa. Matuƙin da ya bi shawararsa zai yi ta kewaya wuri ɗaya har mai ya ƙare. A sallami wannan ma. Amma riƙe maganar nan a aljihu: hannuwan tsakiya suke nunawa. Za mu neme ta.

Na uku ba zai ɗauke mu lokaci ba. Tun Yaƙin Duniya na Biyu Arizona take cike da filayen atisayen sojan sama, kuma gicciye ya dace da abin da mai koyon jefa bam zai yi saiti da shi. Amma filin da aka sha jefa wa bam ba ya ɓoyuwa, ramuka ne ko'ina. Nan babu. Kuma ba a koyon jefa bam a gefen gonar auduga, mai gona yana ciki.

Na huɗu shi ne mai sa tsikar jiki ta tashi. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma a kewayen Tucson, tafiyar kamar sa'a guda a mota daga Casa Grande, Amurka ta binne makamai masu linzami samfurin Titan II har 18, kowanne a raminsa, kowanne da kan nukiliya, yana jiran umarni. Ɗaya daga ramukan ya zama gidan tarihi yanzu, ana biya a shiga kallo. To ko gicciyen nan murafe ne? Ko akwai abin da ke kwance a ƙarƙashinsu? Lissafi ya ƙi. Titan II da Amurka ta girke gaba ɗaya 54 ne, a jihohi uku, gicciye kuwa 272. Sannan wane mai hankali ne zai ɓoye makami, ya kuma zana masa alamar da ake hangowa daga sama? Manoma da magina sun fasa da dama daga cikinsu, ba a ji wanda garmarsa ta ci karo da makami ba.

Huɗu sun fita. Hannunmu wayam.

In mai bincike ya gaji da hangen nesa, sai ya durƙusa. Mu bi hannuwan nan zuwa inda suke nunawa. A tsakiya, daidai inda huɗun suka kusa haɗuwa, akwai wani ɗan abu da tafin hannu zai rufe. Share ƙurar. Faifan tagulla ne, an dasa shi cikin siminti. Da rubutu a jikinsa. Gargaɗi ne: duk wanda ya taɓa wannan alama, tarar dala 250 ko ɗauri. Ga shekara, 1966 a wasu, 1967 a wasu. Ga kuma sunan mai shi: Army Map Service, sashen zana taswira na sojan Amurka.

Soja. Taswira. 1966. Abin da sai daga sama ake gani. Wa ke sama a 1966?

Akwai wani kuwa, kuma an yi shekara 35 ba a yarda a ambaci sunansa ba. Ranar 1 ga Mayu 1960 Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka na U-2, ta kama matuƙinsa Gary Powers da rai. Hanyar jirgi ta toshe. Amma hukumar CIA da sojan sama sun riga sun fara wani shiri a ɓoye, mai suna Corona: tauraron ɗan'adam ɗauke da kyamara da fim, ya ratsa ta kan Rasha ya ɗauki hoto, sannan ya jefo fim ɗin ƙasa a cikin wani kwanso mai laima. Ranar 19 ga Agusta 1960, bayan jerin gwaje-gwaje da suka sha ƙasa, wani jirgi samfurin C-119 ya cafke kwanson farko mai fim a iska, kusa da Hawai. Wannan naɗi ɗaya ya kwaso ƙasar Sobiyet fiye da duk abin da U-2 ya taɓa kwasowa. Daga nan zuwa 1972 Corona ta ɗauki hotuna sama da 800,000, hotunan farko suna rarrabe abu mai girman mita 12, na ƙarshe mai kimanin mita 2. Sai a 1995 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu aka buɗe asirin.

Da asiri ya tonu, mutane suka ce: ashe! Tauraro yana buƙatar wani abu a ƙasa da zai gwada idonsa a kai kafin ya je leƙen abokin gaba. Ga hamada mai sararin sama garau, ga gicciye farare, ga sunan soja, ga shekarun sun yi daidai, har ma an yi watsi da filin a farkon shekarun 1970, lokacin da Corona ta yi ritaya. A 2016 gidan rediyon NPR ya ba da labarin a matsayin tsohon kacici-kacicin da aka warware. Jaridu suka ɗauka. Wasu masu fasahar hoto biyu, Julie Anand da Damon Sauer, suka yi shekaru suna bin gicciyen ɗaya bayan ɗaya suna ɗaukarsu, suna zana hanyoyin taurarin ɗan'adam a sararin da ke kansu. Sunan ya bi su: alamomin gwajin Corona.

An rufe shari'a. An kama mai laifi, kuma mai laifin babba ne, irin wanda kowa ke son a ce shi ne. Labari ne mai daɗi, ni ma na fi son sa a kan duk sauran.

Amma da walakin, goro a miya.

Ka tuna allon da ake sa mutum ya karanta a asibitin ido: manyan haruffa a sama, suna ƙanƙancewa layi bayan layi, har ka kai inda za ka ce wa likita, nan kam ban gani ba. Layin da ka tsaya shi ne awon idonka. Da a ce haruffan duk girmansu ɗaya, allon ba shi da amfani, ko dai ka karanta duka ko ka kasa duka. To dubi gicciyenmu. Dukkansu ƙafa 60. Ba babba, ba ƙarami. Kyamarar da ke rarrabe abu mai mita 2 za ta ga gicciye mai mita 18 ko da idonta ya ɗan dushe. Wace jarrabawa ce wannan, wadda ba a faɗuwa?

Allon gwajin idon kyamara kuwa akwai shi, kuma ba haka yake ba. Tun 1951 sojan saman Amurka suke da tsarinsa: sanduna uku-uku farare a kan baƙi, wasu a tsaye wasu a kwance, suna raguwa mataki-mataki. An shimfiɗa manya-manyansu a ƙasa a sansanin Edwards na Kalifoniya, da Fort Huachuca, a cikin Arizona ɗin nan dai. A 2020 Joseph Page, marubucin tarihin sararin samaniya kuma tsohon jami'in sojan sama, ya bi takardun da aka saki ya wallafa abin da ya gano a mujallar The Space Review. Taurarin leƙen asirin suna da nasu jerin alamomin gwaji, mai suna CORN, wasu na dindindin, wasu kuma ana kai su a mota a shimfiɗa a naɗe. Gicciyen Casa Grande ba su cikin jerin.

Kama da wane ba wane ba ne.

Ga wata ɓaraka kuma. Kyamarar Corona shara take yi daga gefe zuwa gefe, hotonta dogon tsiri ne mai faɗin kimanin mil 10 da tsawon fiye da mil 100. Fili mai mil 16 ɗan yanki ne kawai a jikin wannan tsiri. Ga ta uku: Corona sirri ce da ko sunanta ba a furtawa, amma filin Casa Grande masana awon ƙasa suna ambatonsa a fili cikin mujallunsu na ilimi tun a wancan zamani. Wane irin asiri ne ake bugawa a mujalla?

Mu fito da abin da muka sa a aljihu. Hannuwan tsakiya suke nunawa. Sanduna uku-uku suna tambayar kyamara: kina gani? Gicciye kuwa ba ruwansa da wannan. Ɗigo ɗaya yake nunawa, yana cewa: nan. Tambayarsa daban ce. Ba "me kika gani" ba. "A ina kika ajiye shi?"

To wace kyamara ce aka ɗinka wa wannan riga? Mu gwada awo. Kyamarorin zana taswira na wancan zamani kusan ƙirarsu ɗaya: fim murabba'i mai inci 9 kowane gefe, tazarar gilashin ido da fim inci 6. Ɗauki ɗaya ka hau da ita ƙafa 30,000. Inci 6 rabin ƙafa ne, don haka komai na ƙasa zai ƙanƙance sau 60,000 a kan fim. Hoto ɗaya zai kwashe mil 8 da rabi kowane gefe. Gicciye nawa ke nan? Takwas sau takwas. Aƙalla 64 a hoto ɗaya, a baje daga tsakiya har kusurwoyi huɗu. Girman kowanne a fim fa? Ƙafa 60 a raba 60,000, kusan sulusin milimita. Bai yi ƙanƙantar da zai ɓace ba. Bai yi girman da za a rasa tsakiyarsa ba. Mil 16 kuma ya isa a jera hotuna da yawa, kowanne ya hau kan ɗan'uwansa, kamar yadda ake yi in za a zana taswira.

Riga ta zauna. Kuma tauraro ba ya yawo a ƙafa 30,000.

Jirgi ne. Jirgin sama kawai, mai fukafukai, mai matuƙi, mai shan mai. Yanzu kana iya ba ni gari.

Filin gwajin kyamarorin awon ƙasa ne, waɗanda ake ɗorawa a cikin jirgi. Na san wani zai ce an rage wa labarin gishiri, an ɗauke masa tauraro an ba shi jirgi. Ni kuwa a nan na ga abin ya fara daɗi, domin aikin da gicciyen suka yi ya fi na gwajin kaifin ido wuya nesa ba kusa ba.

Ga yadda ake yi. Ma'aikatan safiyo su bi faifan tagullan nan ɗaya bayan ɗaya, da ƙafa da na'urorin awo, su tantance inda tsakiyar kowanne yake da kuma tsayinsa daga matakin teku. Waɗannan lambobi su ne gaskiyar ƙasa, ba a jayayya da su. Sai jirgi ya tashi ya ɗauki hoto. A wanke fim, a ɗora shi a na'ura mai madubin ƙara girma, a auna inda kowane gicciye ya faɗo a jikinsa, awon da ake yi da kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A gefe guda kuma lissafi ya faɗi inda ya kamata ya faɗo da a ce kyamarar ba ta da aibi. Sai a kwatanta. Ba su taɓa yin daidai ɗari bisa ɗari ba. Kowane gicciye ya ɗan goce. A zana 'yar kibiya daga inda ya kamata ya kasance zuwa inda aka same shi, sai ka sami kibiyoyi sittin da wani abu a takarda ɗaya.

Nan ne aikin ɗan sanda na gaske yake, domin kowane mai laifi da irin sawunsa. In kibiyoyin duk sun fuskanci waje daga tsakiyar hoto, ko duk sun fuskanci ciki, suna canza tsawo gwargwadon nisansu da tsakiya, gilashin ido ne ya lanƙwasa haske. In sun miƙe ta tsawon fim amma ba ta faɗinsa ba, fim ne ya ja ko ya tsuke wajen wanki da shanya. In gefe ɗaya ya buɗe ɗayan ya matse, jirgi ne ya karkata lokacin da aka danna. In kuwa wasu 'yan kaɗan a lungu guda suka bijire, sauran suna lafiya, fim ne bai kwanta sosai a kan farantinsa ba. Da gicciye huɗu kawai, ba za ka rarrabe waɗannan ba. Da sittin, kowa sai ya amsa laifinsa. Shi ya sa aka zuba su da yawa haka.

Za ka ce, me ya hana a auna kyamarar a ɗakin gwaji a huta? Ana aunawa. Amma a ɗakin gwaji tana zaune lafiya a kan tebur, cikin ɗumi. A ƙafa 30,000 sanyin waje ya wuce digiri 40 ƙasa da sifili, jirgi yana kakkarwa, akwai gilashin taga tsakaninta da duniya, iska kuma tana tanƙwara haske kafin ya iso. Halin da ta nuna a gida daban, wanda za ta nuna a bakin aiki daban. Casa Grande bakin aiki ne.

Filin ma yana da nasa rauni, kuma ina son raunin don yana da wayo. Shimfiɗaɗɗe ne. A kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, kyamara mai ɗan dogon ido da ta hau sama kaɗan, da mai ɗan gajeren ido da ta sauko kaɗan, hoto iri ɗaya za su kawo maka. Lissafi ba zai iya cewa ga kuskuren ido, ga kuskuren tsayin jirgi ba. Masu laifi biyu, kowanne yana nuna ɗan'uwansa. Maganinsu sai a haɗa da hotunan da aka ɗauka a kan tsaunuka, inda wasu alamomin ke sama wasu ke ƙasa, sannan bakinsu ya rabu.

To tauraro fa, an wanke shi ke nan ya tafi gida? Tsugune ba ta ƙare ba. An wanke shi daga wannan fili, amma jarrabawar da aka yi wa jirgi a nan ita ce ake yi wa kowane tauraron ɗaukar hoton duniya a yau, kuma tasa ta fi tsanani. Ɗauki Landsat 8, wanda aka harba a Fabrairun 2013. Yana tafe a tsayin kilomita 705. Daga wannan nisa, in saitinsa ya goce da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri, abin da ido ba zai lura da shi ba, hoton ya matsa mita 123 a ƙasa. Inuwarsa tana gudun kusan kilomita 7 a sakan, don haka in agogonsa ya yi kuskuren kashi ɗaya cikin dubu na sakan, mita 7 sun tafi. Yana ɗauke da GPS da ke gaya masa inda yake, da na'urorin duban taurari da ke gaya masa inda ya fuskanta. Amma girgizar roka ranar harbawa tana iya gusar da kyamara daga inda aka ɗaure ta, kuma kowane minti 99 yana kewaya duniya, ya shiga rana ya shiga inuwa, ƙarfen jikinsa yana buɗewa yana tsukewa. Ƙasar ma ba ta taimaka ba. Tauraron da ya karkata digiri 30 don ya leƙi gefe zai ga ƙololuwar dutse mai tsayin mita 300 ta jingina, ta faɗi mita 170 da wani abu daga gindinta, sai an kawo taswirar tudu da kwari an miƙar da ita.

Kowane ɗayan waɗannan zai bar hoton tangaran, ka ƙirga motoci a kasuwa, amma kasuwar ba a wurinta take ba. NigeriaSat-2, da aka harba ranar 17 ga Agusta 2011, ɗigon hotonsa mita 2.5 ne, ya isa a ga fasalin gida. Amma ka ɗauki hoto mai irin wannan kaifi ka bar shi ya goce da mita 30. Kusan tsawon fuloti mai ƙafa 100 ke nan. Gidan ya fito sarai, a filin maƙwabci. Wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ana rabon iyaka ya san abin da mita ɗaya ma ke haifarwa.

Su waye gicciyen yau? Ba a cika zuba kankare ba kuma. An gano duniya cike take da alamomin da ba a biya ko sisi ba: mahaɗar tituna, kusurwar filin jirgi, ƙarshen gada, bakin madatsar ruwa. Hukumar USGS mai kula da Landsat tana da rumbun irin waɗannan 'yan gutattakin hotuna, an san lambobin wurin kowanne, kwamfuta tana neman su a cikin kowane sabon hoto ta ja shi ya zauna a kansu. Alƙawarin Landsat 8 shi ne, a cikin ɗigo goma, tara ba za su goce fiye da mita 12 ba. Da Turai ta harba nata Sentinel-2 a 2015, aka tarar hotunan biyu ba su hau kan juna daidai ba a wurare da dama. A 2020 USGS ta sake sarrafa rumbun hotunan Landsat, ta daidaita alamominta da na Sentinel-2. Taurarin da ke gani da rada kuwa, irin Sentinel-1, har yanzu alamar hannu suke so: faranti uku na ƙarfe da aka haɗa suka yi lungu, duk saƙon da ya shiga sai ya koma inda ya fito, ya fito a hoto fau kamar tauraro. Akwai jerinsu a busasshen tafkin Rosamond na Kalifoniya, akwai wasu 40 a jihar Queensland ta Ostareliya.

Sai dai alama ba ta fi lambobin da aka rubuta mata gaskiya ba, lambobi kuma daga wani tushe ake ƙirga su. Tsoffin taswirorin Nijeriya, da lambobin da yawa daga 'yan ginshiƙan simintin da masu safiyo ke binnewa a kusurwar fuloti, an ɗaure su ne a kan wata alamar awo da ke Minna, mai lamba L40, bisa siffar duniya da wani masani mai suna Clarke ya lissafa a 1880. GPS kuwa da wani tushe daban, mai suna WGS 84, yake aiki. Ka ɗora hoton tauraro a kan tsohuwar taswira ba tare da ka juya lissafin ba, titi zai rabu da kansa da gomman mitoci, alhali tauraron bai yi laifi ba, taswirar ma ba ta yi ba.

Saura ƙaramin kacici-kacici ɗaya, kyauta. Masu awo a Ostareliya sun ɗaure lambobin ƙasarsu a 1994, aiki mai kyau, da GPS aka yi shi. Shekaru suka wuce. Aka riƙa lura cewa abin da taurari ke faɗi da abin da ke rubuce suna rabuwa. Ba a gari ɗaya ba. Ko'ina. A Sydney, a Perth, a Darwin. Duk gefe ɗaya, arewa da ɗan gabas. Bara kaɗan, bana ya ƙaru. Agogo ne? A'a, agogo ba ya zaɓar nahiya. Iska ce? Tana jinkirta saƙo, amma an cire nata. Jan wata da rana, da ke ɗaga busasshiyar ƙasa ya sauke ta da gomman sentimita kullum? Wannan zuwa yake ya dawo, ba ya taruwa. Wani ne ke bin alamomin da dare yana turawa? Duka? Daidai wa daida?

Ba wanda ya taɓa su. Ƙasar ce ke tafiya, da alamomin, da masu awon, da ofishinsu. Farantin da Ostareliya ke zaune a kai yana cikin mafiya sauri a duniya, kuma daga 1994 zuwa 2020 ya yi tafiyar kusan mita 1.8. Aka sake lambobin ƙasar gaba ɗaya, aka ɗaure su a kan ranar 1 ga Janairu 2020. Washegari nahiyar ta ci gaba da tafiyarta, sentimita 7 a shekara.